Araha Ba Ta Ado: Tarihin Ruwan Gishiri da Sukari

A shekarar 1978, mujallar likitoci ta The Lancet da ake bugawa a Landan ta yi sharhi a kan wani bincike, ta ce mai yiwuwa shi ne ci gaba mafi muhimmanci da ilimin likitanci ya samu a ƙarni na 20. Ƙarnin da ya ga fenisilin ke nan, ya ga rigakafin shan inna, ya ga dashen zuciya. Maganin da wannan bincike ya haifar kuwa, ruwa ne da gishiri da sukari. Shekara 14 bayan haka, a 1992, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da takardar jagora tana jan hankalin likitocin ƙasarta su riƙa amfani da shi. A lokacin, miliyoyin mata a ƙauyukan Bangaladesh, waɗanda akasarinsu ba su taɓa zama a aji ba, sun riga sun iya haɗa shi da yatsu uku da dunƙulen hannu.

An saba ganin fasaha tana gangarowa daga ƙasashe masu arziki zuwa matalauta: a ƙera a can, a rage mata ƙyale-ƙyale, a sayar a nan. A 2009 shugaban kamfanin General Electric na lokacin, Jeffrey Immelt, da malamai biyu, Vijay Govindarajan da Chris Trimble, suka wallafa wata maƙala a Harvard Business Review a kan tafiyar da ke juya wannan hanya. Misalinsu shi ne ƙaramar na'urar awon bugun zuciya da aka ƙera domin karkarar Indiya, da na'urar hoton ciki ta tafi-da-gidanka da aka yi domin Sin, waɗanda daga baya suka samu kasuwa a Amurka. Tun daga nan batun ya zama abin koyarwa a makarantun kasuwanci. Sai dai ruwan gishiri da sukari ya riga waɗannan na'urori da shekaru da dama, kuma tarihinsa ya fi nasu tona asirin abin da ke tare hanyar irin wannan fasaha. Ilimin da ke cikinsa bai taɓa zama abin musu mai tsawo ba. Abin da aka daɗe ana ja a kai shi ne hannun wa za a danƙa wa magani.

Cutar da ke tsotse mutum

Kwalara ƙafar da jiki take yi. Dafin ƙwayar cutar yana sa hanji ya riƙa kwararo da ruwa maimakon tsotse shi, har babban mutum ya zubar da kusan lita guda cikin sa'a ɗaya. Idanu su faɗa, fata ta yamutse, jini ya yi kauri, zuciya ta kasa tura shi. Wanda ya tashi lafiya da asuba yana iya kwana a kabari. Idan ba a yi komai ba, kusan rabin waɗanda ta kama da tsanani sukan mutu. Idan kuwa aka mayar musu da ruwan da suka rasa, cutar takan wuce da kanta cikin 'yan kwanaki, mace-macen su koma ƙasa da kashi 1 cikin 100.

An gane haka tun da wuri. Lokacin da annobar ta isa Birtaniya a 1831, wani matashin likita ɗan Ayalan, William O'Shaughnessy, ya binciki jinin masu cutar, ya ga ruwa da gishiri ne suka ƙare a cikinsa. A 1832 Thomas Latta, likita a garin Leith na Sikotilan, ya ɗura wa wata tsohuwa da ke gargara ruwan gishiri ta jijiya. Ta farfaɗo kamar an tashe ta daga barci, daga baya gudawar ta dawo, ta rasu. Wannan shi ne asalin abin da yau ake kira ƙarin ruwa. Latta ya mutu a shekarar da ta biyo, annobar ta lafa, aka yi watsi da dabararsa shekaru masu yawa, domin a zamanin ba a san yadda ake tsarkake ruwa da allura daga ƙwayoyin cuta ba.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ƙarin ruwa ya kankama, ya zama magani tabbatacce. Amma yana da sharuɗɗa. Sai an samu ruwan da masana'anta ta tace, a kwalaben gilashi masu nauyi, sai roba da allura masu tsabta, sai hannun da ya ƙware wajen laluben jijiya a jikin da ya bushe. Mai kwalara ɗaya yana iya shanye kwalabe fiye da 10. A yankin Bengal, inda cutar ta yi gida tun fil azal, kuma inda ƙauyuka da yawa sai da kwalekwale ake isa gare su, wannan magani da babu duk ɗaya ne ga talaka. Ba shi ruwa ya sha kuwa ba ya wadatarwa, domin hanjin ba ya karɓa yadda ya kamata, ruwan gishiri zalla ma ƙara gudawar yake yi.

Kalkata, Manila, Dhaka

A 1953 wani likita a Kalkata, Hemendra Nath Chatterjee, ya wallafa rahoto a The Lancet cewa ya yi jinyar masu kwalara 186, waɗanda cutarsu ba ta yi tsanani ba, da ruwan gishiri da gulukos ta baki. Babu wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Akwai dalilin ilimi: bai ware wani rukuni na majinyata don kwatantawa ba, kuma ya haɗa da wasu magunguna, har da na ganye. Amma rahoton da ya fi wannan rauni yakan sa a sake gwaji idan ya fito daga gidan da ake ganin girmansa. A birnin dai, a 1959, Sambhu Nath De ya nuna cewa dafi ne ƙwayar kwalara take fitarwa, shi ma aikinsa ya yi shekaru kafin a waiwaye shi.

Bayanin yadda abin yake aiki ya zo a 1960, lokacin da Ba'amurke Robert Crane ya gabatar da shi a wani taro a birnin Prague. A bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗuwa sai baƙi biyu sun iso tare: sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri, da gulukos. Idan suka shiga, ruwa ya bi bayansu. Abin da ya rage a sani shi ne ko dafin kwalara yana lalata wannan ƙofa.

Ba za a yi wa tarihi adalci ba idan aka ce matalauta ne kaɗai suka ƙirƙiri wannan magani. Kuɗin binciken na Amurka ne, kuma yaƙin cacar baka ne ya fito da su. Amurka tana da sojoji a Asiya, kwalara kuma ba ta tambayar fasfo. A 1960 aka buɗe ɗakin binciken kwalara a Dhaka ƙarƙashin ƙawancen tsaro na SEATO, lokacin birnin yana cikin Pakistan ta Gabas. Jami'ar Johns Hopkins ita ma ta kafa cibiya a Kalkata. A 1961 sabuwar annoba ta ɓarke daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya, wadda ita ce ta ratsa har Afirka ta Yamma a 1970, ta shiga Gini, ta bi ta Nijar da Najeriya da gaɓar Tafkin Chadi.

Babban masanin kwalara na wancan zamani shi ne Robert Phillips, kyaftin a rundunar ruwan Amurka, wanda ya fara gogewa da cutar a annobar Masar ta 1947. A 1962, a Manila, ya ga da idonsa cewa idan aka sa gulukos a ruwan gishiri, hanjin mai kwalara yana karɓa. Mutanensa suka yi gwaji a kan majinyata 30. Haɗin ya yi kauri fiye da kima, ga shi ana ƙara musu ruwa ta jijiya a lokaci guda, sai ruwa ya taru a huhun wasu, mutum 5 suka mutu. Phillips bai warke daga wannan ba. Da ya zama shugaban ɗakin binciken Dhaka a 1965, ya zama mai taka wa gwajin birki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Matasan likitoci ne suka ci gaba. David Sachar da Norbert Hirschhorn a Dhaka, da Nathaniel Pierce a Kalkata, suka tabbatar da cewa ƙofar nan tana aiki ko a tsakiyar cutar. David Nalin ya lura da abin da ya sa gwaje-gwajen baya suka ci tura: ana ba kowa mudu ɗaya, alhali abin da ya dace shi ne a mayar wa kowane majinyaci gwargwadon abin da ya zubar. Aunawar ba ta da wuya, domin an riga an ƙirƙiri gadon kwalara, gado mai huda a tsakiya da bokiti mai ma'auni a ƙarƙashi, wanda har gobe shi ake shimfiɗawa a sansanonin jinyar cutar. A 1968 Nalin da Richard Cash, tare da likitocin ƙasar, Rafiqul Islam da Majid Molla, suka wallafa sakamakon gwaji a kan majinyata 29: shan haɗin ya rage buƙatar ƙarin ruwa da kusan kashi 80 cikin 100.

Duk da haka, a idon likitoci abin na asibiti ne. Likita zai auna, ma'aikaciyar jinya ta bayar, ledar ruwa tana rataye a gefe ko da ta kwana.

Bangaon, 1971

A watan Maris na 1971 yaƙi ya ɓarke a Pakistan ta Gabas, wanda ya ƙare da haihuwar Bangaladesh. Mutane kusan miliyan 10 suka tsallaka zuwa Indiya. Damina ta sauka a kansu a sansanoni, kwalara ta biyo baya. A Bangaon, wani gari a bakin iyaka, 'yan gudun hijira kimanin 350,000 ne suka taru. Asibitin wurin ya ware ɗakuna biyu masu gado 16 domin masu kwalara. Majinyata suka cika ƙasa, har ta kai sai an tsallaka wani kafin a kai ga wani. Kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu suna mutuwa.

Likitan yara Dilip Mahalanabis, ma'aikacin cibiyar Johns Hopkins ta Kalkata, shi ya jagoranci ƙaramar tawagar da ta je wurin. Ruwan jijiya ya ƙare, kuma ko da akwai shi, masu iya sa allurar ba su taka kara sun karya ba. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Ya yanke shawarar da babu littafin likitanci da ya ba shi izininta a lokacin. A ɗakin karatun cibiyarsu a Kalkata aka riƙa auna gari ana ƙullawa a leda: giram 22 na gulukos, giram 3.5 na gishirin miya, giram 2.5 na garin soda irin na masu gasa burodi, ga kowace lita ta ruwa. Fotasiyam, wanda ya kamata a sa, ba a same shi da yawa ba, aka haƙura. A sansanin aka riƙa dama garin a manyan durom, aka miƙa wa 'yan uwan majinyata kofuna. Uwa ta ba ɗanta, mata ta ba mijinta, maƙwabci ya ba maƙwabci, a yi ta ba su har ƙishirwa ta kwanta. Ɗan ruwan jijiyar da ya rage aka ajiye shi domin waɗanda suka riga suka suma.

Akwai wata ƙaramar dabara da ta cancanci a riƙe ta. Mutanen sun san ƙarin ruwa da sunan salain, sun kuma yarda da shi. Sai ma'aikatan suka ce musu wannan ma salain ne, amma na sha. Sunan ya zauna, har yau a Bangaladesh haka ake kiran sa. Tun ranar farko, sai da maganin ya ari rigar allura kafin a karɓe shi.

Cikin mako 8 tawagar ta yi jinyar mutum fiye da 3,700. Mace-mace suka sauko zuwa kashi 3.6 cikin 100. Dhiman Barua, jami'in kwalara na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya ziyarci wurin, ya koma Janeba ya zama mai yi wa maganin yaƙi a cikin hukumar. Rahoton Mahalanabis kuwa sai da mujallu suka ƙi shi kafin ya fito a 1973. Mutane da yawa ba su gaskata alƙaluman ba.

A fagen sinadari Bangaon ba ta ƙara komai a kan abin da aka sani a 1968 ba, haɗin nata ma ragagge ne. Sabon abu shi ne an cire likita daga tsakanin magani da majinyaci, kuma sama ba ta faɗo ba. Asibitin da ke da isassun ledojin ruwa ba zai taɓa yin wannan gwaji ba, kuma da wuya a ga laifinsa, domin babu likitan da zai ajiye abin da ya tabbatar ya ɗauki abin da yake zato, muddin yana da zaɓi. Inda zaɓi ya ƙare ne kawai ake iya gano cewa wasu daga cikin sharuɗɗan da aka ɗauka dole ne, al'ada ce kawai.

Yatsu uku da dunƙulen hannu

Gudawar da ta fi kashe yara a duniya ta yau da kullum ce, wadda ba ta shiga labarai. A wajen 1980 an ƙiyasta tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 4.6 a kowace shekara. Haɗin nan yana aiki a kanta kamar yadda yake aiki a kan kwalara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin yaƙi da gudawa a 1978, James Grant kuma, wanda ya shugabanci UNICEF daga 1980, ya shahara da yawo da ƙullin garin a aljihu, yana zaro shi a gaban shugabannin ƙasashe.

Amma ƙulli sai an buga shi a masana'anta, an kai shi ƙauye. Fazle Hasan Abed, tsohon akanta a kamfanin Shell wanda ya kafa ƙungiyar BRAC a 1972, ya lissafa ya ga Bangaladesh ba ta da hanyar wadata kowane gida da shi. Sai ƙungiyar ta nemi haɗin da za a yi da abin da ke cikin kowane madafi: tsunkulin gishiri da yatsu uku, dunƙulen hannu na gur, a rabin lita na ruwa. Gur ɗanyen sukarin rake ne, ɗan uwan mazarƙwaila, kuma an dace yana ɗauke da ɗan fotasiyam ɗin da ya gagari Mahalanabis. Masana da yawa, har a Hukumar Lafiya ta Duniya, ba su saki jiki da wannan ba. Tsoronsu yana da tushe: gishiri in ya yi yawa yana iya kashe jariri.

Amsar BRAC ita ce ta mayar da koyarwa sana'a mai awo. Daga 1980 ayarin ma'aikata, akasarinsu 'yan mata, suka riƙa bi gida gida. Kowace uwa a zauna da ita ita kaɗai, a koya mata abubuwa 7 da za ta riƙe, a yi mata alamar rabin lita a jikin kwanonta, ta haɗa da hannunta a gaban malamar. Bayan 'yan makonni wasu masu bibiya su zo su zaɓi gidaje, su yi wa uwa tambayoyi, su sa ta haɗa, su ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji a auna gishirinsa. Albashin malama ya danganta da yadda ɗalibanta suka riƙe karatu. Akanta dai akanta ne.

Da farko iyaye mata sun iya haɗawa amma ba sa bayarwa. Da aka bincika sai aka tarar mutanen karkara sun kasa gudawa kashi huɗu, kowace da sunanta, kuma sun ɗauka maganin na mai tsananin ce kaɗai. Aka gyara kalmomin. Aka kuma gane cewa in maigida bai yarda ba, uwa ba za ta bayar ba, sai aka tura maza su yi bayani a masallatai da kasuwanni. Zuwa 1990 an shiga gidaje kimanin miliyan 12. Bangaladesh ta zama cikin ƙasashen da suka fi kowa amfani da maganin, kuma da ƙullin masana'anta ya yawaita a shaguna, ya tarar da mutanen da suka riga suka san amfaninsa.

Najeriya ta shiga sahu a tsakiyar shekarun 1980, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, shi ma likitan yara, yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. A lokacin ne sunan ruwan gishiri da sukari ya shiga bakin mutane ta rediyo da ɗakunan shan magani, aka yi amfani da kwalbar lemo da ƙaramin cokali a matsayin ma'auni. A duniya baki ɗaya, yaran da gudawa ke kashewa a shekara yanzu ba su kai rabin miliyan ba. Tsabtataccen ruwa da rigakafi da ingantuwar abinci duk suna da kaso a wannan, amma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne maganin ya ceci rayuka fiye da miliyan 50.

Hanyar zuwa Amurka

Gudawar yara ba ta bar ƙasashe masu arziki ba. Alƙaluman CDC na 2003 sun nuna tana kwantar da yara kimanin 200,000 a asibitocin Amurka a kowace shekara, tana kashe kusan 300. Ga magani mai araha, marar zafi, wanda likitocin Amurka da kuɗin Amurka suka taimaka aka gano. Ya kamata a ce ya shiga ƙasar da gudu.

Ta ƙofar baya ya shiga. Wurin da aka fara gwada shi sosai shi ne yankin ƙabilar Apache ta White Mountain a jihar Arizona, 'yan asalin ƙasar da aka killace, inda gudawa take kashe jarirai kamar a ƙasashe matalauta. Hirschhorn da Cash sun yi aiki a can a farkon shekarun 1970. Daga 1980 Mathuram Santosham, likita haifaffen Indiya da ke Johns Hopkins, ya zauna a garin Whiteriver, ya horar da mutanen yankin su kai maganin gidaje, mutuwar yara ta gudawa ta kusa ɓacewa a wurin. Wato fasahar ta tsallaka teku ne daga matalautan wata ƙasa zuwa matalautan wata. A 1982 Santosham da abokan aikinsa suka wallafa gwaji a New England Journal of Medicine a kan yara masu ƙoshin abinci a Amurka da Panama, domin rufe bakin masu cewa abin na yunwatattu ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta amince a 1985, CDC ta yi kira a 1992, ƙungiyar ta sake jaddadawa a 1996, CDC ta maimaita a 2003. Umarnin da ake ta maimaitawa, alama ce ba a bin sa.

Dalili ɗaya daga cikin na masu jan ƙafa yana da nauyi. A shekarun 1950 an sayar da wani garin haɗi a Amurka, iyaye suka riƙa dama shi da kauri, jarirai da dama suka cutu saboda yawan gishiri a jini. Likitocin da suka ga wannan ba su manta ba. Haɗin Hukumar Lafiya ta Duniya na farko kuma an tsara shi ne da kwalara a zuciya, gishirinsa ya fi abin da gudawar yau da kullum take buƙata. A 2002 hukumar da kanta ta rage gishirin da sukarin, a 2004 kuma ta ƙara shawarar a haɗa da ƙwayar zinki. Masu shakka ba su yi kuskure a komai ba.

Sauran dalilan ba na lafiya ba ne. Ba yaro ruwa cokali cokali, duk bayan minti ɗaya ko biyu, na tsawon sa'a 4, aiki ne mai cin lokaci, lokacin ma'aikaciyar jinya kuwa shi ne abu mafi tsada a asibitin Amurka. Leda in an rataya ta, ita ke yi wa kanta aiki. Uwa tana zaune a gefen gado, hannunta biyu ba komai, amma tsarin asibitin bai lissafa ta cikin masu jinya ba. Sannan kamfanonin inshora suna biyan kuɗin ƙarin ruwa da na kwanciya, kofi da cokali kuwa ba su da wani farashin kirki. Maganin da ya rage wa ƙasa kashe kuɗi, ya rage wa asibiti shigar kuɗi. A 2006 wani nazari na cibiyar Cochrane ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, ya nuna cikin kowane yara 25 da aka ba ruwan ta baki, ɗaya ne kawai zai buƙaci a koma ga allura.

Akwai kuma raini, wanda ya fi wuyar aunawa, ko da yake an gwada. A 2017 Matthew Harris na Imperial College da ke Landan da abokan aikinsa suka ba ma'aikatan lafiya 347 a Ingila taƙaitattun rahotannin bincike su tantance. Bayan wani lokaci aka sake ba su rahotannin nan dai, an sauya sunan ƙasa da jami'ar da suka fito. Rahoton da aka ce daga ƙasa matalauciya yake, da aka mayar da shi na ƙasa mai arziki, sai darajarsa ta ƙaru a idonsu, alhali ko wasali ba a taɓa ba a cikinsa. Chatterjee da Mahalanabis ba su buƙaci wannan gwaji ba kafin su sani. Mahalanabis bai yi rajistar mallakar komai ba. Ya rasu a Kalkata a watan Oktoba na 2022, gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Vibhushan a Janairun 2023, wata uku bayan rasuwarsa.

Inda asibiti ya yi nawa, kasuwa ta yi sauri, amma sai da ta sauya wa abin tufafi. Yau a manyan kantunan Amurka ana sayar da garin a siraran ƙulli masu launi, da ɗanɗanon 'ya'yan itatuwa, ga masu motsa jiki da matafiya da waɗanda suka kwana shan giya. Ƙulli ɗaya yakan kai dala guda ko fiye, alhali wanda UNICEF take saye 'yan santoci ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kasuwa, wanda kamfanin Unilever ya saya a 2020, sunansa Liquid I.V., wato an laƙaba masa sunan ƙarin ruwa ta jijiya. Dabarar Bangaon ce ta sake dawowa bayan kusan shekara 50, a wata nahiyar, da wani farashin.

Kwarjinin leda bai tsaya a Amurka ba. A Kano ko Maraɗi, majinyaci da yawa ba ya jin an duba shi sai an yi masa allura ko an rataya masa ruwa, kuma dangi sukan auna tsananin ciwo da yawan ledojin da aka ƙara. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna yaran da suka yi gudawa, waɗanda aka ba haɗin ba su kai rabi ba. A Indiya ma, inda aka yi gwajin Bangaon, haka matsalar take. Wasu masu bincike suka horar da mutane su yi shigar iyaye, suka tura su wurin likitoci da masu shagon magani fiye da 2,000 a jihohin Bihar da Karnataka, kowa ya je da labarin ɗansa mai gudawa. Sakamakon ya fito a mujallar Science a 2024. An zaci rashin kaya ne ko neman riba ke hana bayar da maganin, sai aka tarar waɗannan ƙaramin kaso suka ɗauka. Babban dalilin shi ne masu maganin sun san amfaninsa sarai, amma suna zaton mai yaro zai raina su in suka sallame shi da ƙullin gishiri da sukari. Waɗanda aka tura su ambaci maganin da bakinsu, su ce shi suke so, sun fi sauran samun sa nesa ba kusa ba.